Nozawa: Ƙauyen da Ya Karɓi Baƙi, Ya Riƙe Ruwansa

Hanyoyi biyu gari ke bi ya ɓace. Ta farko kowa ya san ta: fatara ta shigo, samari su watse, tsofaffi su ƙare ɗaya bayan ɗaya, ciyawa ta cinye kangaye. Ta biyu ta fi wuyar ganewa, domin takan zo da fitilu da sababbin benaye da cinikin da ba a taɓa gani ba. Kuɗi su kwararo daga waje, mai gida ya sayar da gidansa da riba mai tsoka, maƙwabcinsa ya bi sahu, har a wayi gari sunan garin yana nan a jikin allo, amma ɗan garin da ya rage a cikinsa sai mai shara da mai gadi.

A kan hanya ta biyun nake son mu yi magana, kuma misalin da zan kawo daga nesa yake. A arewacin lardin Nagano na ƙasar Japan akwai wani ƙauye a gindin dutse mai suna Nozawa Onsen. Na taka shi sau biyu: da farko lokacin da karatu ya kai ni ƙasar, kafin shekarar 2015, sai kuma a hunturun da ya wuce, bayan fiye da shekara goma. Abin da na dawo da shi daga zuwa na biyu ra'ayi ne guda, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja: ƙaramin gari yana iya buɗe ƙofarsa ga baƙi da kuɗinsu ya kuma tsira da kansa, muddin abin da ya sa ya zama gari yana hannun jama'a gaba ɗaya, ta yadda babu mutum ɗaya da zai iya sa masa farashi.

Ga wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, sai an ɗan yi bayani. A lokacin hunturu iska mai tsananin sanyi takan taso daga Saberiya, ta ratso Tekun Japan ta ɗebo danshi, sai ta ci karo da tsaunukan tsibirin Honshu ta sauke abin da ta ɗauko. Abin da ke saukowa fari ne fat, mai laushi kamar garin da aka tankaɗe, kuma yakan taru har ya haura tsayin mutum. Ƙauyen Nozawa yana cikin yankunan da suka fi samun wannan rabo. A bayansa akwai dutsen Kenashi, mai tsayin mita 1,650, kuma daga ƙwanƙolinsa har bakin gidaje an share hanyoyin gangara. Mutum zai ɗaura wasu dogayen alluna biyu a ƙafafunsa, ya riƙe sanduna biyu, ya sulalo daga sama zuwa ƙasa. Wannan wasan zamiya shi ne ke kawo baƙi, shi ne kuma abincin garin tsawon wata huɗu a kowace shekara.

Abin da na tarar ya sauya

Sauyin ya fara tun daga hanya. A zuwana na farko sai da na sauka a birnin Nagano, na canja zuwa wani ƙaramin jirgi mai tafiyar hawainiya, sannan na hau mota. A watan Maris na 2015 jirgin nan mai gudun walƙiya da suke kira Shinkansen ya fara tsayawa a Iiyama, garin da ke maƙwabtaka da ƙauyen. Yanzu daga Tokyo zuwa Iiyama bai cika awa biyu ba, daga can kuma bas ta kai ka tsakiyar Nozawa cikin ƙasa da rabin awa. Akwatunan igiya masu ɗaukar mutane zuwa kan dutse su ma an sabunta babban layinsu na Nagasaka a 2020; na yanzu sun fi faɗi, sun fi sauri, bangonsu gilashi ne.

Sai kuma kunne. A da, in ka bi babban titin da ya gangaro ta gaban gidan wanka na Oyu da maraice, Japananci za ka ji, sai ɗaiɗaikun baƙi 'yan Ostareliya da suka riga kowa gano wurin. A wannan karon akwai daren da na yi tafiyar minti goma Turanci da Sinanci kawai nake ji. Shagunan da na sani suna sayar da kwanduna da 'yan tantabarun da ake saƙawa da jijiyar kurangar daji suna nan, amma an kewaye su da shagunan kofi da wuraren shaƙatawa masu alluna da rubutun boko. Gidajen cin abinci da a da kake tura ƙofa ka zauna, yanzu sai ka kama wuri tun kwanaki kafin ka zo. Farashin masauki kuwa ya tashi tashin da ma'aikacin Tokyo mai iyali zai yi lissafi sau biyu kafin ya kawo 'ya'yansa.

Dalilan ba a ɓoye suke ba. A 2012 dala ɗaya tana sayen yen kusan 80. A 2024 ta haura yen 160. Ga mai riƙe da dala, Japan ta zama kasuwar rabin kuɗi. Bayan an sake buɗe iyakokin ƙasar ga masu yawon buɗe ido a watan Oktoba na 2022, ƙarshen kullen annoba, baƙi suka yi ambaliya, har adadinsu a 2024 ya kusa miliyan 37, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Wani kaso daga cikinsu dusar ƙanƙara suka zo nema.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne masaukin da na sauka a karon farko. Irin gidajen nan ne na iyali da suke kira minshuku: maigida da uwargida da 'ya'yansu a ƙasa, baƙi a ɗakunan sama, a kwanta a kan tabarma, a ci abin da uwargida ta dafa. Na je na tarar da ginin yana nan, an yi masa sabon fenti, ƙofar tana buɗewa da lambobin sirri, babu kowa a zaure. Wata dattijuwa a maƙwabta ta gaya mini masu gidan sun tsufa, 'ya'yansu sun zauna a birni ba su da niyyar dawowa, sai aka sayar. Ta faɗe shi ba tare da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin yanayi.

Abin da na tarar yana nan

Duk da haka, ban fita daga Nozawa da jin cewa na ziyarci gawa mai kwalliya ba. Dalilin kuwa ruwa ne.

Kalmar onsen da ke cikin sunan garin tana nufin maɓuɓɓugar ruwan zafi. Tun ƙarnoni kafin a san wasan zamiya, ruwan nan ne ke kawo mutane neman lafiya. Yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa da zafinsa da warin farar wuta, yana bin magudanai a gefen tituna, tururinsa yana tashi cikin sanyi. A cikin ƙauyen akwai gidajen wanka na jama'a goma sha uku, waɗanda suke kira sotoyu, kowanne da ɓangaren maza da na mata. Ba a sayar da tikiti a ko ɗaya. Babu mai karɓar kuɗi a ƙofa. Ɗan akwati ne kawai a manne a bango, wanda ya ga dama ya jefa abin da ya sawwaƙa. A hunturu ana buɗewa da ƙarfe shida na safe, a rufe sha ɗaya na dare. Al'adarsu ta wanka tare ba ta yi daidai da kunyarmu ba, don haka irina yakan nemi lokacin da wurin ya yi shiru. Amma ko daga bakin ƙofa mutum zai ga abin da nake son ya gani: daɓe a wanke tas, bokitai a kife a jere, ba ƙazanta ko ɗaya.

Wa ke wankewa? Ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba kuma na wani kamfani ba. Kowane gidan wanka yana da rukunin gidajen unguwa da ke kula da shi, ana kiransu yunakama, wato abokan ruwan zafi. Su ke karo-karon kuɗin wuta da gyara, su ke yin shara da wanki bi da bi. Mai otal da manomi da malamin makaranta, in layi ya zo kan gidansu, sai su naɗe hannun riga. Baƙon da ya biya dubban yen ya hau dutse da rana, da dare yana jiƙa gajiyarsa kyauta a cikin ruwan da wata tsohuwa ta durƙusa ta goge wa kwami.

A saman gari akwai maɓuɓɓugar da ta fi kowace zafi, Ogama, inda ruwan ke kusan maki 90 a ma'aunin zafi. Tafkuna ne 'yan ƙanana a fili, kuma nan ne madafar gari: ana dafa ƙwai da ganye, ana jiƙa jijiyar saƙa ta yi laushi. An kewaye wurin da shinge, an rubuta cewa 'yan gari kaɗai ke shiga. Haka na same shi a zuwan farko, haka na same shi a na biyu. Baƙi suna tsaye a bayan shinge da wayoyinsu, wata mata tana ciki tana tsamo kwandon ganye, ko kallonsu ba ta yi. An ce don kada wani ya faɗa ya ƙone ne aka hana shiga, kuma gaskiya ne. Amma shingen yana faɗin wata magana ta biyu: akwai wurin da kuɗinka bai kai ka ba.

Ganyen ma na garin ne har a suna. Nozawana, wanda ake jiƙawa da gishiri ya yi tsami a ci da shinkafa, an san shi a duk faɗin Japan. Labarin gari ya ce wani shugaban wurin bauta na Kenmeiji ne ya kawo irinsa daga yammacin ƙasar a tsakiyar ƙarni na 18. Har yau idan kaka ta ƙare, kafin ƙanƙara ta rufe gonaki, ana wanke ganyen da ruwan zafin nan na jama'a, kowane gida ya cika randunansa na shekara.

Wa ke da ruwan?

A nan gizo ke saƙa. Ruwan zafin Nozawa da wani babban ɓangare na dajin da ke kan dutsen ba mallakar mutum ɗaya ba ne. Akwai wata daɗaɗɗiyar ƙungiyar masu gidaje, Nozawa-gumi, wadda tushenta ya koma zamanin Edo, kafin Japan ta zamani. Tana da zaɓaɓɓun shugabanni da suke kira sodai, tana da ofishinta daban da na hukumar ƙauye, tana adana tsofaffin takardun gari, kuma ita da gidauniyar da ta kafa su ke riƙe da haƙƙin maɓuɓɓugai. Mai otal da ke son a ja masa ruwa cikin gininsa, aro yake karɓa yana biya. Yana iya sayar da otal ɗinsa ga wanda ya ga dama, amma idon ruwan ba ya cikin cinikin, domin tun farko ba nasa ba ne.

Ko wasan zamiyar da ya zo daga waje, haka suka yi masa. Wani hafsan sojan Ostiriya, Theodor von Lerch, shi ya koyar da shi a Takada, ba nisa da nan, a 1911. Mutanen Nozawa suka kafa ƙungiyarsu ta wasan a 1923. A 1930 shahararren malamin zamiya Hannes Schneider ya zo ya nuna gwanintarsa, har yau akwai gangaren da ke ɗauke da sunansa, kuma tun 1971 ƙauyen ya ƙulla zumunci da St. Anton na Ostiriya, inda Schneider ya yi suna. A gasar Olamfik ta hunturu ta Nagano a 1998, a nan aka yi wasan da ke haɗa gudun ƙanƙara da harbin bindiga. Wannan ɗan ƙauye ya fitar da 'yan wasan Olamfik fiye da goma. A duk tsawon wannan tarihi, filin zamiyar bai bar hannun gari ba: ƙungiyar wasan ta fara, hukumar ƙauye ta karɓa ta gudanar shekaru da dama, daga 2005 kuma aka miƙa gudanarwa ga kamfanin da 'yan garin suka kafa. Ba a taɓa wayar gari an ji wani attajiri daga Tokyo ya saye dutsen ba.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna cewa abin kowa ba na kowa ba ne, wai duk dukiyar da aka bar wa jama'a ƙarshenta lalacewa, sai dai a raba ta ko gwamnati ta karɓe. Elinor Ostrom, Ba'amurkiyar da ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar Nobel a wannan fanni a 2009, ta nuna cewa ba dole ba ne, kuma ƙauyukan tsaunukan Japan suna cikin misalan da ta kafa hujja da su. Sharaɗin shi ne a san su wa ke ciki, a san aikin da ke kan kowa, a kuma sami mai tsawatarwa. Nozawa ta cika sharaɗin nan tun kafin a rubuta shi a littafi.

Domin a ga darajar wannan, a dubi maƙwabta. A ƙarshen shekarun 1980, lokacin da kuɗi suka yi wa Japan yawa, wasan zamiya ya zama abin yayi; a ganiyarsa masu yin sa sun kai kimanin miliyan 18. A garin Yuzawa na lardin Niigata aka sayar da filaye, kamfanoni suka gina dogayen benaye masu dubban ɗakuna domin mutanen Tokyo. Da tattalin arzikin ya faɗi, yayi ya wuce, masu wasan suka ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, sai benayen suka zama kufai a tsaye, har aka riƙa tallan wasu ɗakunan a kan yen dubu ɗari, kuɗin da bai kai na wayar hannu mai tsada ba. A Niseko kuma, can tsibirin Hokkaido, guguwar ta zo daga ƙetare: kuɗin Ostareliya da Hong Kong da Singafo. An sami aikin yi, an sami haraji, farashin fili ya yi shekaru yana kan gaba wajen tashi a ƙasar. Amma ma'aikatan da ke yi wa baƙi hidima suna fama da neman ɗakin haya, kuma a tsakiyar wurin shaƙatawar da wuya ka gane a wace ƙasa kake. Kuɗin baƙo ruwan sama ne: yana zuwa da ƙarfi, yana ɗaukewa ba sallama. Garin da ya sayar da rijiyarsa saboda damina ta yi kyau, rani zai tambaye shi.

Daren 15 ga Janairu

In ruwa ne jinin garin, wuta ce ke gwada ƙashinsa. Kowace shekara a daren 15 ga Janairu ana yin bikin wuta na Dosojin, wanda gwamnatin Japan ta sa cikin muhimman al'adun gargajiya na ƙasa a 1993. Tun da kaka ake sare manyan itatuwan da suke kira buna a dajin gari. Ranar 13 ga wata a jawo su da igiya ta cikin tituna, a kwana ana aiki har a tayar da wata rumfa mai tsayin bene. A al'adarsu shekara 25 da shekara 42 shekarun haɗari ne ga namiji, sai ya yi wa gari hidima ya wanke kansa. Saboda haka masu 42 su hau saman rumfar su zauna, masu 25 su tsaya a gindinta riƙe da igiyoyi, sauran mazan gari kuma su auko da dammunan kara masu ci da wuta suna neman cinna mata. Ana dukan samarin da wutar a fuska da kafaɗa, suna karewa da rassan itace. Sai an ɗauki lokaci ana wannan artabu kafin a tsaya, na sama su sauko, a bar rumfar ta ci. Gidajen da suka sami ɗan fari namiji su kan kawo dogayen fitilu masu ado a jefa cikin wutar.

Bikin yana da nasa abin bauta da tasa giyar shinkafa, kuma ni ɗan kallo ne a wurin. Abin da ya shafi maganarmu shi ne yadda gari ya yi da cunkoso. Da taron ya yi yawa har ya zama haɗari, ba su mayar da bikin wasan kwaikwayo mai tikiti ana maimaita shi kowane mako ba, ko da yake da sun yi haka da sun kwashi kuɗi. A 'yan shekarun nan sai suka taƙaita shiga filin ga 'yan gari da baƙin da suka kwana a cikin garin. Rana ɗaya ce, ba a matsar da ita zuwa ƙarshen mako domin jin daɗin kowa. Saurayin da ke aiki a Tokyo, in shekararsa ta zo, yakan nemi hutu ya dawo ya tsaya a gindin rumfa tare da waɗanda suka yi firamare tare. Wanda aka ƙona wa gira a kan garinsu, da wuya ya sayar da shi da arha.

Inda za a iya ja da ni

Mai karatu na iya cewa na cika yabo, kuma akwai ƙorafe-ƙorafe uku masu nauyi.

Na farko, irin wannan tsari yana da ƙofa mai nauyin turawa. Ƙungiyar masu gidaje ce, kuma bisa al'ada maza ne ke zama a madadin gidaje. Artabun wuta na maza ne. Ɗan fari namiji ake yi wa fitila. Wanda ya zo daga waje, ko da Bajapane ne, yana iya shekaru kafin a ɗauke shi ɗan gida. Wannan gaskiya ne, kuma shingen da ke kare gari shi ne dai ke iya shaƙe shi.

Na biyu, ba don baƙi ba da garin ya durƙushe. Bayan faɗuwar yayin zamiya, filin Nozawa ya yi shekaru yana fama da raguwar masu zuwa, kuma 'yan ƙetaren nan da ake gunaguni a kansu su suka cika gadajen da Japanawa suka bari. Da yawa daga cikin gidajen da suka saya, da ba su saya ba da ƙanƙara ta rusa rufinsu. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ban ce a kori kowa ba. Baƙo ba shi ne ciwon ba.

Na uku shi ne mafi tsanani, kuma shi ne ainihin tsoron da na dawo da shi. A shekarar 2000 mutanen ƙauyen sun haura 4,500. Ƙidayar 2020 ta same su ƙasa da 3,300. Dokar da ta hana sayar da idon ruwa ba ta hana sayar da gidan da ke kusa da shi ba. Duk gidan iyali da ya koma masaukin haya mai buɗewa da lambobi, an rasa hannu ɗaya a layin wankin gidan wanka, an rasa yaro ɗaya a makaranta, an rasa saurayi ɗaya a gindin rumfa nan da shekara ashirin. Masu shigowa ruwan suna ƙaruwa, masu goge kwamin suna raguwa suna tsufa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar Nozawa daga ciki take. Ana iya wayar gari ruwan yana hannun jama'a a takarda, alhali jama'ar ta ƙare.

Amsar da na gani da idona, ko da yake ba ta gama warware matsalar ba, ita ce garin ya fara auna mutum da aikinsa. Akwai 'yan ƙetare da suka zauna shekara da shekara, ba hunturu kaɗai ba, 'ya'yansu suna makarantar gari, suna fita kwasar ƙanƙara da sharar unguwa, har an shigar da wasunsu cikin rukunin masu hidimar bikin wuta. Wannan ita ce hanyar da nake ganin za ta fisshe su: a bambance mai saye da mai zama. Wanda ya sayi gida yana karɓar haya daga wata ƙasa, a ɗora masa nauyin kuɗi daidai da ribar da yake ci daga ruwan da bai wanke ba. Wanda ya zo zama kuwa, mace ko namiji, ɗan ƙasa ko baƙo, a miƙa masa tsintsiya, in ya karɓa a matsa masa wuri a tabarma.

Abin da ya shafe mu

Mu da muka tashi a zango mun san wannan magana ta fuskoki biyu. Kakanninmu baƙi ne da fatauci ya kawo, aka ba su wuri a gefen gari, suka zauna har suka zama 'yan ƙasa. Mun san zafin a ce maka baƙo a inda aka binne cibiyarka. Mun kuma san matsayin mai masauki, domin zango tun asali wurin saukar baƙi ne. Yau unguwanni irin su Nima a Ankara da Birketiri a Yawunde, waɗanda a da suke bayan gari, birni ya kewaye su, filinsu ya zama zinariya, dillalai suna zagayawa. Babu laifi magada su sayar da abin da suka gada in buƙata ta kama. Tambayar da Nozawa ke yi mana ita ce: mene ne namu na gaba ɗaya, wanda babu magajin da zai iya sa wa hannu shi kaɗai? Filin makaranta, maƙabarta, rijiyar unguwa, dandalin da ake taruwa, da sunan wa aka rubuta su? Kuma wa ke share su, bi da bi, ba don an biya shi ba? Mun gaji kalmar gayya daga iyaye. Abin dubawa shi ne ko mun gaji aikin.

Shawarata ga duk wanda hanya ta kai shi Nagano da hunturu: ya je Nozawa ko da ba zai ɗaura allo a ƙafa ba. Ya sauka a gidan iyali in ya samu, ya ci ganyen da uwargida ta jiƙa, ya tsaya a bayan shingen Ogama inda aka ce ya tsaya. In ya shiga gidan wanka, ya wanke jikinsa kafin ya taɓa ruwan jama'a, kada ya sirka shi da ruwan sanyi ba tare da ya nemi izinin dattawan da ya tarar ba, ya kife bokiti yadda ya same shi. Sannan ya jefa wani abu mai kauri a akwatin bakin ƙofa, domin abin da aka ba shi kyauta, wani ne ya biya da gwiwoyinsa.